Injin Ƙusa Mai Iska: Wace Magana Ce Gaskiya, Wace Ce Ƙarya?

Duk inda kafintoci suka taru, ko a Anka, ko a Bukkuyum, ko a Gummi inda ambaliyar damunar 2024 ta bar mutane da aikin sake gini da rufi, ba a rasa mai kawo zancen injin nan da ke buga ƙusa da iska. Wasu na ce masa bindigar ƙusa. Irin wanda ake magana a kai shi ne mai zagayayyen ciki, wanda ake loda wa ƙusoshi a naɗe, an jera su a kan siririyar waya, daga 120 zuwa 300 gwargwadon injin. Waɗanda suka gan shi a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a waya sun fi waɗanda suka riƙe shi yawa, shi ya sa zance ya yi masa yawa.

Maganar da ta fi haɗari ita ce wai idan babu kwamfuresa, ana iya jona shi da tukunyar iskar masu walda. Ƙarya ce, kuma ƙarya mai kisa. Abin da ke cikin tukunyar nan oksijin ne a matse, cikin injin kuwa akwai mai. Idan suka haɗu, wuta na iya tashi, injin ya tarwatse a hannun mai riƙe da shi. Kamfanonin da ke ƙera shi sun rubuta wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro a takardar da ke zuwa da shi. Na san dalilin da ke sa wannan dabara ke shiga ran mutane: wutar lantarki ba ta tsayawa, man janareta ya yi tsada. Amma iskar kwamfuresa kaɗai aka yarda da ita. Ko kwamfuresan mai faci za a aro, sai yana da abin daidaita ƙarfin iska da agogon da ke nuna awo.

Daga nan sai masu cewa a ƙure iska, wai ƙusa ta fi shiga. Yawancin waɗannan injuna an yi su ne su yi aiki tsakanin awo 70 zuwa 120 a ma'aunin PSI. Wuce haka yana fasa robobin ciki, yana sa ƙusa ta huda katako ta fita ta baya. Abin da ake yi shi ne a fara da ƙasa-ƙasa, a gwada a kan guntun katakon da za a yi aikin da shi, domin malaina ba ta cin iskar da maɗaci ke ci. Idan kan ƙusa bai zauna ba, akwai ɗan abin juyawa kusa da hancin injin da ke ƙara zurfi. Shi ake fara taɓawa kafin a taɓa iska.

To, gaskiya ne yana harbi kamar bindiga? Rabi da rabi. Ba makami ba ne, kuma lafiyayyen inji ba ya sakin ƙusa sai an danna hancinsa a jikin katako. Sai dai a nan ne mutane ke sakankancewa. Kunama iri biyu ce. Akwai wadda sai ka dafa hanci, sannan ka ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita, ka saki ka sake. Akwai kuma wadda idan ka riƙe kunama a ja, duk abin da hancin ya taɓa ya sami ƙusa, katako ne ko cinyar yaron shago. Irin ta biyun ita ce ke burge masu kallo saboda sauri, ita ce kuma ke yawan tura mutane asibiti. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na Amurka, OSHA da NIOSH, sun fitar da jagora a 2011 inda suka ce injunan ƙusa na kai mutum kusan 37,000 sashen gaggawa duk shekara a ƙasar, kuma haɗarin rauni da kunamar sauri ya ninka na ɗaya-bayan-ɗaya sau biyu. Fiye da rabin raunukan a hannu da yatsu suke. Wannan fa a ƙasar da motar asibiti ke zuwa cikin mintuna. A nawa ganin, maigidan da ke da yara masu koyo ba shi da hujjar sayen mai kunamar sauri. Wanda kuma ya ɗaure hancin injin da waya don ya riƙa harbi ba tare da dannawa ba, shi ne ya mayar da shi makamin da ake tsoro.

Wasu na tsammanin da shi za a riƙa rufin kwano a wuni ɗaya. Injin rufin da ake gani a bidiyo na rufin Turawa ne, wani shimfiɗaɗɗen falle mai kwalta da ake jerawa a kan allo. Kwanonmu da ƙusa mai laima ake kama shi a kan tudun kwano, ita kuwa ba ta shiga wannan naɗi. Inda injin ke da amfani shi ne haɗa akwatuna, shinge, allunan bango da katakon da ke ƙarƙashin rufi. Kuma ba kowace ƙusar kasuwa yake ci ba, sai naɗin da ya dace da tsawo da kaurin da aka rubuta a jikinsa.

Batun mai gajere ne. Gaskiya ne yana son mai, ɗigo kaɗan ta bakin da iska ke shiga kafin fara aiki. Ba gaskiya ba ne cewa baƙin man mota ko na babur ya wadatar, domin yana cinye robobin. A kuma riƙa buɗe ƙasan tankin kwamfuresa ana zubar da ruwan da ya taru, musamman da damina.

Saura maganar da na fi son ta isa kunnen kowa. Ana cewa idan ƙusa ta shiga jiki, a yi ta maza a fizge ta da filaya, a zuba fetur ko man birki. Kada a yi. Ƙusar naɗi kan shiga da guntayen wayar da ta riƙe ta, su tsaya a jikinta kamar ƙugiyar kamun kifi. Fizgewa na iya yaga jijiya ko hanyar jini fiye da ɓarnar shigarta. A bar ta inda take, a tallafe wurin da tsabtataccen ƙyalle, a nufi babban asibitin Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum, a ɗauki hoto a ga inda ta tsaya, a yi allurar tetanus. Idan a ido ne, ko kai, ko ƙirji, aikin na manyan asibitoci ne irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, musamman idan yamma ta yi, don haka rigakafin ya fi mana sauƙi.

Maigida, kafin ka miƙa wa yaronka wannan inji, ka saya masa tabarau na kare ido da abin toshe kunne. Ka koya masa ya nisanta ɗaya hannun da aƙalla inci 12 daga inda ƙusa za ta shiga, ya cire yatsa daga kunama idan yana tafiya ko hawa tsani, kuma ya zare tiyon iska duk lokacin da ƙusa ta maƙale ko zai miƙa wa wani injin.