Kwamfutar da masu ita suka sallama

A shagon da nake buga takardu, har yau Windows 7 ce a kan kwamfutarsu. Na yi wa mai shagon magana, ya ce, "Malam, ai lafiyarta ƙalau." Da gaskiyarsa, tana tashi, tana aiki. Sai dai tun 14 ga Janairun 2020 kamfanin Microsoft ya daina aiko mata gyaran tsaro. Duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, haka za ta zauna a buɗe. Windows 10 ma ta bi sahu a Oktoban 2025.

A Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Abin haushin, gyaran ya fito tun Maris, sakaci ya hana a saka. Can ke nan da akwai magani, ina ga wadda aka daina yi wa?

Hotunan katin shaidar jama'a kuwa cike suke a kwamfutar mai shagon nan. Har da nawa.