Mai Zaton Galahanga, Ina Zai Dosa?

Idan mutum ya lura cewa tun yana yaro hayaniyar kasuwar Cadawa tana gigita shi, haɗa ido da jama'a yana yi masa nauyi, canjin al'adar yini kuwa yana tayar masa da hankali, ba mamaki ya zaci galahanga ce, wadda likita Leo Kanner ya siffanta a 1943. Amma zato ba yaƙini ba ne, gwajin jini kuma ba ya nuna ta. Tarihin ƙuruciya ake ji daga bakin iyaye, sa'annan a nazarci ɗabi'u. Saboda haka mutumin Agye, Gazawa ko Gidan Rumji ya fara da asibitin garinsu, a tura shi Maraɗi. Galahanga halitta ce, ba shafar aljanu ba, kuma haƙƙinsa ne dangi da maƙwabta su fahimce shi, su riƙe shi da mutunci.