Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Tsoro iri biyu ne. Akwai wanda ke tsare mutum daga halaka, kamar tsoron wuta da na maciji. Wannan hankali ne. Akwai kuma wanda ke hana mutum alheri, watau tsoron kada a yi masa dariya, ko a ce aikinsa bai yi ba. Shi ne ke sa yaro ya san amsa a aji, amma ya sunkuyar da kai har malam ya wuce. Mai irin wannan tsoro yakan yanke wa kansa hukunci tun alƙali bai zauna ba. Ga labarin waɗansu samari da suka ƙi yin haka.

A cikin shekarar 1933, wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Ofishin Fassara na Zariya, ya ga yaran makaranta ba su da isassun littattafan karantawa da Hausa. Sai ya shirya gasa, ya zaga garuruwa yana neman malamai su ƙago labarai daga kansu, su aiko masa.

Abin ba sauƙi gare shi ba. Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami, amma galibi waƙoƙin wa'azi da al'amuran addini su ke rubutawa. Labarin da ba a yi ba kuwa, tatsuniya a ke ɗaukarsa, hirar mata da yara da dare. Malamin da ya zauna rubuta irinsa yana iya zama abin ba'a a gari. Ga shi kuma babu littafin Hausa irin wannan da za a duba a kwaikwaya.

Duk da haka waɗansu suka ɗauki alƙalami. Ɗayansu shi ne Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911. Lokacin nan yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22 kacal. Da ya so, da ya ce shi yaro ne, a bar wa manya. Bai faɗi haka ba, ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa, Malam Bello Kagara, ya rubuta Ganɗoki. Wani matashin malami a Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta Shaihu Umar. Muhammadu Gwarzo kuma ya rubuta Idon Matambayi. Aka buga littattafan nan duka, yara suka yi ta karatu.

Ƙofa ɗaya ita ke buɗe wata. Da East ya ga gwanintar Imam, sai ya nemi a aiko shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta. Tafawa Ɓalewa kuwa ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Da Imam ya ɓoye takardunsa a ƙarƙashin tabarma, da gara ce kaɗai ta san abin da ke ciki.

To, mene ne maganin wannan tsoro? Na farko, shiri. Wanda ya yi bitar karatunsa da dare, gabansa ba ya faɗuwa ƙwarai da safe. Na biyu, sanin cewa gyara ba zagi ba ne. In malam ya ja jan alƙalami a kan aikin yaro, aikin ya gyara, ba yaron ya ƙi ba. Na uku, auna hasara. Wanda ya nema aka hana shi, ya koma inda ya ke, ya kuma san abin da zai gyara. Wanda bai nema ba, shi ya hana kansa, kuma bai ƙaru da kome ba.

Ba kowane iri da aka shuka ke tsira ba, amma manomi bai taɓa barin hatsinsa a rumbu don tsoron fari ba. Yakan yi addu'a, ya ɗauki sungumi, ya fita. Haka ya kamata ɗan makaranta ya zama: ya ɗaga hannu, ya tambaya, ya shiga jarrabawa, ya bar sauran ga Allah. Mai nema yana tare da samu.

Tambayoyi
1. Wane irin tsoro ne ke hana mutum alheri?
2. Don me rubuta ƙagaggen labari ya zama da wuya a 1933?
3. Faɗi magunguna uku na wannan tsoro.