'Yan Mishan da Fari a Nijar: Daga Buhun Agaji zuwa Sassaben Zamani

Shirinmu na musamman na yau ya ya da zango a Gaya, cikin jihar Dosso, can ƙuryar kudancin Nijar, inda kogin Isa ya raba ƙasar da Benin, garin Kamba na Najeriya kuma yake nan kusa ta gabas. Za mu duba aikin 'yan mishan da majami'un ƙetare, waɗanda suka daɗe suna addu'a suna tara baiko domin talakawan da fari ya cinye wa gonaki, mu ga abin da wannan ɗawainiya ta bari a ƙasa.

Wani zai ce me ya haɗa Gaya da fari? Ai nan ne aka fi samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Ƙasar Dandi ce, ta rake da shinkafa da rogo da kurmin giginya. To amma duk shekarar da damina ta yi gardama a arewa, Gaya takan ji a jikinta. 'Yan ci-rani su gangaro, makiyaya su koro abin da ya rage na garke, farashin tiya ya tashi a kasuwa. Sannan kafin 2023 ta nan ne hatsin agaji ya saba shigowa. Jirgin ruwa ya sauke kaya a Kwatano, a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Paraku ko a manyan motoci, a haura gadar Malanbil, a nufi Dosso, daga can a rarraba zuwa Yamai da Tawa da Maraɗi. Tun 1958 akwai gada a wannan mashiga.

'Yan mishan sun riga gadar zuwa. Ƙungiyar SIM ta sauka a Damagaram a 1924, daga baya ta kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi. 'Yan Katolika suka zauna a Yamai a 1931. A 1950 SIM ta buɗe asibitin Galmi, wanda har gobe yawancin majinyatansa Musulmi ne, wasu ma daga Najeriya suke tsallakowa, ta kuma kafa wurin jinyar kutare a Danja. A wancan zamani abin da ya kawo su shi ne wa'azin bishara, kuma ba su ɓoye ba. Da yawansu ba su ɗauki noma da dashen itace a matsayin aikin ɗan mishan ba.

Farin da ya soma a 1968 ya kai maƙura a 1973 shi ya sauya lissafin. Hotunan mushen shanu da yara masu tamowa suka shiga gidajen Turai da Amurka ta talabijin. A majami'u aka riƙa ambaton Sahel a sujadar Lahadi, ana zagayawa da kwanon baiko. A cikin gida kuwa, zargin karkatar da abincin agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya hamɓarar da shugaba Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu, 1974.

Wani kaso na kuɗin majami'un ya sauka a ƙasar Gaya. Ƙungiyar Africare, wadda aka haifa a Nijar a 1970 kafin ta kafa ofis a Washington, ba ta wa'azi ba ce, amma majami'un baƙar fatar Amurka na cikin waɗanda suka fara ciyar da ita. A Tara, ƙauyen bakin kogi kusa da Gaya, ta gyara fadamar shinkafa ta noman rani a shekarun 1970, da kuɗin gidauniyar Lilly da gudummawar 'yan Methodist. Dabarar a fili take: ga kogi yana wucewa rani da damina, a jawo ruwansa, manomi ya rage zura wa sama ido.

Sai dai labarin da ya fi yin nisa daga Maraɗi ya fito, kuma shi ya kamata mu ɗan daɗe a kansa.

Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostiraliya, masanin aikin gona, ya zo Nijar da iyalinsa a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin SIM. Aikinsa renon itatuwa da kai su ƙauyuka. Ya yi ta dasawa, rana da iska da gara da awaki suna cinyewa, galibin dashen ba ya ganin damina ta biyu. Manoma ma ba su damu ba, domin an koya musu cewa gonar kirki ita ce wadda aka share fes, dokar gandun daji kuma ta mayar da itace na gwamnati. Wanda ya sari reshe a gonarsa ta gado yana iya shan tara.

A 1983, kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, yana tafe da lodin dashe sai ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi. Gwiwarsa ta riga ta yi sanyi. Ya yi addu'a, ya roƙi Allah gafara kan ɓarnar da ɗan Adam ya yi wa halitta, ya roƙi a buɗe masa ido. Da ya ɗaga kai sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda ya saba wucewa kullum. Ya duba ganyen, ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare. Saiwar na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, tana tofowa kowace shekara, masu sassabe suna sarewa suna ƙonewa. Ga su nan bila adadin a gonaki. Abin da ake bukata wuƙa ce ko gatari: a zaɓi rassa kaɗan mafi ƙarfi, a sare sauran, a tsare su daga dabbobi da wuta. Manoman Maraɗi suka raɗa wa abin suna sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi masa. Sai ga yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Buhari. SIM ta raba hatsi a ƙauyuka da dama bisa sharaɗin a bar toho a gona. Mutane suka bi don ciki. Da damina ta dawo rabo ya tsaya, mafi yawan itatuwan aka sare. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci: iska ta rage binne shuka, ga itacen girki, ga ganye da 'ya'yan gawo na dabbobi, ƙasa kuma ta ƙara ƙarfi. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ba tare da an ba shi ko mudu ɗaya ba. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo.

Gaskiya dai, ba za a jingina wa mutum ɗaya wannan aiki ba. Kakanni sun san barin gawo a gona tun kafin zuwan Bature, kuma a wasu yankunan Damagaram manoma sun farfaɗo da nasu ba tare da ɗan mishan ya taka ƙafa ba. Rinaudo ya tuna wa manoma, ya nace, ya nemi ma'aikatan gandun daji su sassauta. Hannun da ya riƙe gatarin na manomi ne, kuma kusan dukansu Musulmi ne da ke fita sallar roƙon ruwa idan sama ta ƙi.

Nan ne maganar zargi ke shigowa, kuma bai kamata a kauce mata ba. A ƙasar da Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba a ƙidayar 2012, akwai masu kallon buhun agaji a matsayin tarko. Tarzomar Janairun 2015, wadda aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, ta nuna yadda zaman ke da rauni. Duk mai haɗa abincin mayunwaci da sharaɗin sauya addini ya ci amanar yunwa, ko daga wane ɓangare yake. Wanda kuwa ya ciyar bai tambayi addinin mai karɓa ba, kamar yadda aka shaidi Caritas ta 'yan Katolika da asibitin Galmi, ya cancanci a faɗi alherinsa.

Mutanen Gaya sun ga iyakar agajin da ke zuwa a mota. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka toshe gada da kwantena, motocin abinci da magani suka yi jerin gwano a Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, jama'a suka koma tsallakawa a kwalekwale, kayan agaji suka zagaya ta Togo da Burkina Faso. A duk tsawon wannan lokaci gawon da ke gonar manomi bai daina zubar da 'ya'ya ba.

Don haka kiranmu ga masu tara baiko a ƙetare da fastocin da ke karɓa a gida shi ne su ware kaso mai tsoka ga rijiya, da magudanar noman rani, da rumbun tsimi na ƙauye. Ku kuma manoma, daga Tanda zuwa Bengu har Dogon Dutsi, tun 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta amince cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Idan lokacin sassabe ya zo bana, a duba toho kafin a kai gatari.