Hutun ski a tsaunukan Alpes: sana'ar da ɗumamar yanayi ke ci wa tuwo a ƙwarya

Duk mai bibiyar labaran Faransa a watan Fabrairu ya saba da abu biyu: cunkoson motoci a hanyoyin da ke hawa yankin Savoie, da rahoton yawan dusar ƙanƙarar da ta zuba a kan tsaunuka. Lokacin hutun makarantu ke nan, kuma hukumomi sun kasa ƙasar shiyya uku, A da B da C, kowace da ranar fara hutunta, abin da ke sa otal-otal na kan tsaunuka su yi mako huɗu cike da baƙi. Sai dai a ƴan shekarun nan hotunan da ke fitowa daga wasu wuraren sun sauya: siririn farin layi na ƙanƙarar da inji ya yi, hagu da dama kuwa ciyawa da taɓo.

Shi dai ski wasan zamiya ne a kan dusar ƙanƙara. Mutum na ɗaura dogayen alluna biyu marasa faɗi a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu, ya gangaro daga saman tsauni. Akwai ɗan'uwansa da matasa suka fi so, wanda ake yi da allo ɗaya mai faɗi, ƙafafu biyu a kansa, ba sanda. Shi bai shiga gasar Olamfik ba sai a 1998. Abin da Faransawa ke kira station de ski gari ne sukutum da aka gina don wannan wasa: otal-otal, gidajen haya, shagunan hayar kaya, makarantar koyarwa, da kujeru ko ƙananan akwatuna da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe suna hawa da mutane saman tsauni. An yi wa hanyoyin gangarowa alama da launi huɗu gwargwadon wuyarsu: kore na ɗan koyo, sai shuɗi, sai ja, baƙi kuma na gwanaye. Wasan ba ya rasa haɗari. A Méribel ne zakaran tseren motoci Michael Schumacher ya faɗi a Disamban 2013 ya ji mummunan rauni a ka.

Ba hutun talaka ba ne. A Les Trois Vallées, inda hanyoyin zamiya suka kai kimanin kilomita 600 a haɗe, tikitin hawa na yini ɗaya ya haura euro 70, wato sama da jika 45 na kuɗin sefa, ban da masauki, abinci, hayar takalma da kuɗin mai koyarwa. Shi ya sa ko a Faransar kanta kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke zuwa hutun hunturu a tsauni, duk da cewa talabijin na nuna abin kamar ƙasar ce baki ɗaya ta ɗunguma can.

Yadda gwamnati ta mayar da ƙanƙara dukiya

A Chamonix, gindin tsaunin Mont Blanc mai tsawon kimanin mita 4,800, aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Amma a lokacin yawancin ƙauyukan Alpes na makiyaya ne da ƙananan manoma, kuma hunturu lokacin cirani ne, samari su sauka birane neman kuɗi sai bazara. Sauyin ya zo bayan yaƙin duniya na biyu. An kafa Courchevel a 1946, sannan daga 1964 zuwa 1977 gwamnati ta aiwatar da shirin da ake kira Plan neige, wanda a ƙarƙashinsa aka gina sababbin garuruwa can sama, a wuraren da a da sai shanu ke kiwo da rani. Les Arcs, Avoriaz, Flaine da Val Thorens duk na wannan zamanin ne. Val Thorens na zaune a tsayin mita 2,300, babu garin ski da ya fi shi bisa a Turai.

Ganin haka ƙananan ƙauyuka da ke ƙasa-ƙasa su ma suka ci bashi suka kafa injinan hawa. Aka laƙaba wa dusar ƙanƙara sunan "farin zinariya". Yau Faransa na jerin ƙasashe uku da suka fi karɓar masu wannan wasa, tare da Amurka da Ostiriya, kuma ƙungiyar kamfanonin da ke gudanar da wuraren ta ce ayyukan yi kimanin 120,000 ne suka dogara da shi. Da yawa daga cikinsu na wata huɗu ko biyar ne kawai: masu dafa abinci, masu gyaran ɗakuna, direbobin motocin da ke daddale ƙanƙara cikin dare, da ma'aikatan da ke fita da asuba su fasa nakiya don zabtarar da ƙanƙarar da ta taru tun kafin ta rufto wa jama'a. An ga nauyin abin a hunturun 2020 zuwa 2021, lokacin da annobar korona ta sa injinan hawa suka yi kakar gaba ɗaya a rufe.

Digiri biyu

Zafin yankin Alpes ya ƙaru da kimanin digiri 2 a ma'aunin Salsiyas tun ƙarshen ƙarni na 19, fiye da matsakaicin ƙarin da duniya ta samu. Ga mazaunin Zinder ko Garoua digiri biyu ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. A kan tsauni kuwa shi ne bambancin ruwan sama da dusar ƙanƙara. Ƙauyen da ke tsayin mita 1,200, wanda a da ke samun fari fat tun Disamba, yanzu sau da yawa ruwa yake samu, ko kuma ƙanƙarar ta zuba ta narke cikin mako. Wani lokaci har ƙurar Sahara na ƙara gishiri: iska kan kwashe ta ta tsallaka Bahar Rum, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2021 da Maris na 2022, ta mayar da tsaunukan ruwan goro. Ƙanƙarar da ta yi duhu ta fi shan zafin rana, don haka ta fi saurin narkewa.

Dabarar da masu harkar suka kama ita ce ƙanƙarar inji. Ana fesa ruwa da iska mai ƙarfi ta wasu bututu, ɗigon ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Kusan kashi 40 cikin ɗari na hanyoyin zamiya a Faransa na da irin waɗannan injina, a Italiya kuwa ya kai kusan kashi 90. Amma injin ba ya aiki sai sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, yana cin lantarki, kuma yana shan ruwa sosai: kimanin lita miliyan 4 ga kowace kadada a kaka ɗaya. Dole sai an haƙa manyan tafkuna a kan tsauni an tara ruwan.

Nan ne rigima ta tashi, irin wadda duk wanda ya san rikicin mashaya zai gane. A La Clusaz, magajin gari ya so haƙa tafkin da zai ɗauki mita kubik 148,000, yana cewa zai amfani wasan ski da ruwan sha da dabbobi. Masu kare muhalli suka mamaye dajin da za a sare, kuma a Oktoban 2022 kotun Grenoble ta dakatar da aikin. Masu goyon baya na cewa ruwan ba ɓacewa yake yi ba, yana komawa rafi idan ƙanƙara ta narke. Akwai gaskiya a wannan maganar, sai dai ba ta amsa tambayar wa ke da iko da ruwan a watannin da ya yi ƙaranci ba.

A Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗaɗen gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoton da ya ce tsarin nan ya fara gajiya, kuma ƙanƙarar inji jinkiri kawai take sayo wa. Hukuncin bai faɗo wa kowa daidai ba. Manyan wurare na can sama, masu baƙi daga Ingila da sauran ƙasashe, na ci gaba da cika har suna ƙara farashi. Ƙananan ne ke faɗuwa, waɗanda ƴaƴan ma'aikata da ƴan makarantar yankin ke koyon wasan a cikinsu da araha. La Sambuy, kusa da Annecy, ta rufe a 2023 saboda asarar da ƙaramar hukuma ta gaji da ɗauka. A Seyne-les-Alpes, mazauna garin da kansu suka kaɗa ƙuri'a a Oktoban 2024 aka daina ski a Grand Puy. Wasu ƙauyukan sun koma tallata yawon ƙafa da hawan keke da rani, amma mai yawon ƙafa ba ya sayen tikitin hawa kullum, kuma da kuɗin tikitin ne ake biyan bashin injina.

Duk da haka, a Yulin 2024 kwamitin Olamfik na duniya ya ba yankin Alpes na Faransa gasar hunturu ta 2030, karo na huɗu da ƙasar za ta karɓe ta bayan Chamonix, Grenoble a 1968 da Albertville a 1992. La Clusaz, garin da kotu ta hana haƙa tafki, na cikin wuraren da aka tsara yin wasannin.