Yaushe Ya Kamata A Tsinki Tumatur?

Ƴan uwa manoma, tun bayan farin 1984 noman rani ya bazu cikin ƙasarmu. A Jiratawa da Madarumfa, a Ƙonni da Tabalak, a Miriya da Matamai, garake sun cika da tumatur. Amma manomi yakan yi wata uku yana ban ruwa, sannan ya yi asara a ranar tsinka. Wani ya tsinka ɗanye, ya yanƙwane bai nuna ba. Wani ya bari ya nuna sarai, ya fashe cikin kwando kafin ya kai kasuwa. Sanin ranar tsinka, shi ne rabin riba.

Ƙosawa dabam, nuna dabam

Irin Roma da muka saba shukawa yakan fara nuna wajen kwana 70 zuwa 80 bayan dashe. Kafin ya nuna, sai ya ƙosa. Ƙosasshen tumatur ya gama girma, fatarsa ta yi santsi tana ƙyalli, korensa ya yi haske. Idan kana shakka, ka tsinki guda ɗaya ka yanka da wuƙa mai kaifi. Idan wuƙa ta yanke ƴaƴan ciki, bai ƙosa ba. Idan ƴaƴan sun zame wa wuƙa, kuma akwai yauƙi kewaye da su, to ya ƙosa. Wanda ya ƙosa zai nuna ko an tsinke shi. Wanda bai ƙosa ba, ba zai yi daɗi ba ko ya canza launi.

Tumatur daga ciki yake fara nuna. A waje kuma, launi yana fara fitowa daga ƙasansa, inda fure ya faɗi. Saboda haka ka ɗaga shi ka dubi ƙasan, kada ka dubi samansa kaɗai.

Ina za ka kai shi?

Wannan tambaya ita ce ke faɗa maka ranar tsinka.

Idan kasuwa mai nisa ce, kamar daga Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar da ta wuce kilomita 600, ka tsinka da zarar ƙasansa ya fara ja-ja. Zai ƙarasa nuna bisa hanya, kuma yana da ƙarfin jure girgizar mota.

Idan kasuwar kusa ce, wadda za ka ci gobe ko jibi, ka bari ja ya rufe fiye da rabinsa, amma yana da sauran tauri a hannu.

Idan na tukunyar gida ne, ko na kauɗa, ka bari ya yi ja wur a jikin uwarsa. Shi ne ya fi ɗanɗano, kuma kauɗarsa ta fi kyan launi. Mai son ajiye iri shi ma nunanne sarai zai zaɓa, daga shuka mai lafiya.

Hattara da watannin zafi

Cikin sanyin Disamba da Janairu tumatur yana yin ja mai kyau. Amma daga Maris, idan zafi ya wuce digiri 30, ja ba ya fitowa sosai. Sai ka ga tumatur ya yi ruwan ɗorawa ya tsaya nan. Mai jiran ja a lokacin nan, ruɓa zai tarar. Ka taɓa shi da yatsa a hankali. Idan ya ɗan yi laushi, ka tsinke, ka ajiye a inuwa mai iska, can zai ƙara launi.

Yadda ake tsinka

Ka shiga garka da safe bayan raɓa ta bushe, ko da marece. Ka riƙa zagayawa kowane kwana 2 ko 3, domin ba rana ɗaya suke nuna ba. Ka kama shi, ka murɗa kaɗan, kada ka fizga. Ka cire ɗan karan da ke bisa kansa don kada ya huda na kusa da shi. Kada ka tsuga ruwa da yawa gab da tsinka bayan ƙasa ta bushe, yin haka yana sa fata ta tsage. Kada ka cika kwando mai zurfi, na sama suna murƙushe na ƙasa. Ka raba nunanne da ɗanye, domin nunanne yana fitar da wata iska mai gaggauta nunar sauran. Ruɓaɓɓe da mai tsutsa kuwa, ka fitar da su daga garka ka binne.

Lafiyar mai ci

Nunannen tumatur yana ɗauke da bitamin C, mai taimakon jiki wajen tsare kansa daga cuta. Sai dai akwai haɗari guda. Idan ka fesa maganin ƙwari, akwai kwanakin jira kafin tsinka, an rubuta su a jikin kwalba. Ka karanta, ko ka tambayi malamin gona. Ko tumatur ya nuna, ko kasuwa ta yi kyau, kada ka tsinka kafin kwanakin su cika, domin ƴaƴanka da ƴaƴan wani ne za su ci. Uwargida kuma ta wanke shi da ruwa mai tsabta kafin ta yanka, ta zubar da wanda ya yi funfuna.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Gobe in ka shiga garka, ka fara sanin kasuwar da za ka, sannan ka ɗaga tumatur ka dubi ƙasansa.