Teku A Cikin Falo: Abin Da Na Koya Daga Gadin Tankin Murjani Da Kifaye Masu Zaɓen Abinci

A bara wani bawan Allah da nake yi wa ƙananan ayyukan manhaja a Abuja ya kira ni gidansa. Na ɗauka Wi-Fi ne ya sake ba shi matsala. Ina shiga falo sai na ga tankin gilashi mai cin lita 300, cike da ruwan gishiri, shuɗin haske na sauka a kan wasu abubuwa masu kama da furanni: kore, ruwan lemo, ruwan hoda. Ya ce, "Malam, so nake wayata ta riƙa sanar da ni idan ruwan nan ya yi zafi." Na ce aikin kwana biyu ne. Sai da na shafe wata uku a kansa, kuma kuskurena ya jawo asarar rayuka kafin na gane inda matsalar take.

Murjani dabba ne

Yawancinmu mun san murjani ne a matsayin jan dutsen ado da ake ɗaurawa a wuya. Wancan ƙashin wata halittar teku ce da aka fi samu a Bahar Rum. Wanda ake kiwo a tanki ɗan uwansa ne na teku mai ɗumi, irin na Indonesiya da Fiji da Ostireliya da Bahar Maliya. Dabba ce, dangin jelifish, kuma a cikin jikinta akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Gansakukar tana amfani da haske ta haɗa abinci, murjanin yana ci daga ciki, shi kuma yana ba ta mafaka.

Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjanin yakan kori gansakukar, ya koma fari fat, yunwa ta fara cinsa. Ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da ya saba da shi, idan ya ɗauki makonni, ya isa. Haka ya faru da Great Barrier Reef na Ostireliya a 1998 da 2002 da 2016 da 2017 da wasu shekarun bayansu. Abin da ke faruwa a teku cikin makonni, a ƙaramin tanki yana iya faruwa cikin kwana ɗaya.

Launin nan mai ƙyalli kuwa daga wasu sinadaran furotin yake, masu shan shuɗin haske su mayar da shi kore ko ja. Danginsu da aka ciro daga jelifish shi ya kai Osamu Shimomura da Martin Chalfie da Roger Tsien ga lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2008. Shi ya sa fitilun LED na irin wannan tanki suke rinjayar shuɗi. Amma a kula: ƙure fitila rana ɗaya yana ƙona murjani. Ana farawa ƙasa-ƙasa ne, a riƙa ƙarawa cikin makonni.

Lambobin da ba a wasa da su

Masu wannan sana'a suna cewa ruwa suke kiwo, murjanin ya biyo baya. Ga iyakokin da akasarinsu ke bi:

Zafi: digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas.
Gishiri: giram 35 a kowane kilo na ruwa, wato 1.025 zuwa 1.026 a na'urar awo.
Alkaliniti: 7 zuwa 11 dKH.
Kalsiyam: 400 zuwa 450 ppm.
Magniziyam: 1250 zuwa 1350 ppm.
Amoniya: sifili.

Kalsiyam da alkaliniti su ne bulo da siminti da murjani mai tauri ke gina ƙashinsa da su, don haka kullum raguwa suke yi, sai an riƙa mayarwa. Abin da ya fi lambar kanta muhimmanci shi ne kada ta riƙa tsalle. Tankin da ya zauna a 8 dKH ya fi wanda yau yake 7, jibi 10.

Ba a zuba ruwan famfo ko na burtsatse kai tsaye. Sai an tace shi da matatar RO/DI har na'urar TDS ta nuna sifili, sannan a haɗa shi da gishirin teku na musamman. Gishirin miya ba ya yi. Kuma idan ruwa ya ragu saboda tururi, gishirin yana nan bai tafi ba, don haka tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa da shi. Sabon tanki kuma sai ya yi mako huɗu zuwa shida babu kifi, har ƙwayoyin bakteriya masu mayar da amoniya zuwa naitiret su zauna da gindinsu. Tsarin da aka fi bi yau, na duwatsun teku masu rai da haske mai ƙarfi da na'urar kwashe datti ta hanyar kumfa, masu sha'awar abin ne a birnin Berlin na Jamus suka yaɗa shi tun shekarun 1970.

Kifayen da ke mutuwa da yunwa ga abinci a gabansu

Kifin da ya fi saurin jan ido a shago shi ne sau da yawa ya fi wahalar ciyarwa.

Na farko shi ne mandarin, ɗan ƙaramin kifi mai zanen shuɗi da ruwan lemo kamar atamfa. Shi yini yake yana tsintar wasu ƙananan halittu da ake kira kofifod a jikin duwatsu. Wanda aka kamo daga teku yawanci ko kallon busasshen abinci ba ya yi. A sabon tanki zai cinye 'yan kofifod ɗin da ke akwai, cikinsa ya shafe, ya mutu a hankali. Saboda haka ake jira tanki ya kai wata shida zuwa shekara, a kuma ware wani ƙaramin sashe da kifi ba ya shiga domin kofifod su hayayyafa. Wanda aka ƙyanƙyashe a gonar kifi ya fi karɓar abincin gwangwani.

Na biyu shi ne copperband, mai dogon baki kamar hantsaki. Da bakin nan yake zaƙulo tsutsotsi daga ramukan dutse, kuma yana da kunya, kifaye masu zafin nama sukan cinye komai kafin ya matso. Dabarar da maigidan nan ya yi amfani da ita: ya buɗe ɗanyen kifin kwanso ya ajiye masa a ƙasa, daga baya ya riƙa cusa daskararren jatan lande a cikin wani bututu mai ƙananan huji da bakin copperband kaɗai ke shiga.

Na uku shi ne Moorish idol, wanda masu kallon Finding Nemo na 2003 suka sani da sunan Gill. Soson teku ne babban abincinsa, kuma ko a hannun ƙwararru ba kasafai yake daɗewa ba. Wannan a bar shi a teku ya fi.

Ƙa'idar sayen kowane kifi: a sa mai shago ya ba shi abinci a gabanka. Idan bai ci ba, kada ka biya. Idan ka kawo shi gida, ya fara zama a wani tanki daban na 'yan makonni. Dalili kuwa, maganin cutar fararen ɗigo da aka fi amfani da shi yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani. Idan cutar ta shiga babban tanki, ba ka da damar zuba maganin a ciki.

Na'urar da na haɗa, da inda ta gaza

Akwai na'urorin sarrafa tanki na kamfani, irin su Apex na Neptune Systems da ProfiLux na GHL, akwai kuma reef-pi, manhaja ta kyauta da ke gudana a kan Raspberry Pi. Ni na ɗauki hanya mai araha: allon ESP32 mai Wi-Fi, da ma'aunin zafi DS18B20 mai rigar hana ruwa, wanda kuskurensa bai wuce rabin digiri ba. Na rubuta kod ɗin yadda idan zafi ya haura 27 zai kunna fanka a saman ruwan, idan ya kai 28 ya aika saƙo ta Telegram. Ya yi aiki lafiya lau, har na fara yabon kaina.

Wani dare maigidan ya yi tafiya, aka ɗauke wuta, inbata kuma ba ta ɗauka ba. Famfunan juya ruwa suka tsaya. Na'urata da rauta duk a layin wuta ɗaya suke, suka mutu tare. Babu saƙon da ya shigo, mu kuma muka ɗauki shiru a matsayin lafiya. Kafin gari ya waye iskar oksijin ta yi ƙasa a ruwan da ba ya motsi. Copperband ɗin nan da aka sha wahala kafin ya fara ci ya mutu, tare da wasu kifaye biyu. Zafi bai ma tashi sosai ba a daren. Na sa ido a kan abu ɗaya, wani abin daban ya yi ɓarnar.

Gyara uku na yi. Na ɗaya, yanzu na'urar tana aika alamar "ina nan" zuwa wata saba a intanet duk minti biyar, idan aka yi minti goma sha biyar ba a ji ta ba, sabar ce ke tayar da mu. Na biyu, ita da rauta sun samu nasu ƙaramin batir. Na uku, famfon juya ruwa ya koma kan batir nasa shi kaɗai. Lissafin mai sauƙi ne: batir mai bolt 12 da 100Ah yana riƙe da wat-awa 1200. Idan na ruwan acid ne, rabi ake so a ja, wato 600. Famfo mai cin wat 20 zai yi awa 30 a kai. Murjani yana iya jure kwana biyu ko uku babu fitila, amma tanki mai kifi ba ya jure dare ɗaya babu motsin ruwa.

Kafin ka ce kana so

A garuruwa irin su Kano da Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, fanka kaɗai ba za ta riƙe ruwa a 26 ba. Sai na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai AC dare da rana, kuma wannan shi ne kuɗin da ya fi na kifin. Idan ba ka da tsayayyar wuta ko sola mai ƙarfi, ka dakata tukuna.

Idan kana da su, fara da murjani mai laushi da kifin clownfish da aka haifa a gona. Ka riƙa tambayar asalin abin da za ka saya: cinikin murjani mai tauri tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai da takardar izini, kuma an daɗe ana fama da masu kama kifin ado da gubar sayanayid a Filifin da Indonesiya. Sannan wasu murjanan dangin Palythoa suna da guba mai haɗari ƙwarai. Safar hannu da tabarau dole ne wajen taɓa su, kuma ba a tafasa dutsen da suke kai, domin tururin ya sha kai iyalai asibiti.

Maigidan bai sake sayen copperband ba har yanzu. Ya ce sai sabon tsarin ya yi shekara guda bai yi shiru ba. Mun shiga wata na bakwai.